Wa Ke Yanka Farashin Kayan Ƙwallon Tebur A Jimeta?

Duk wanda ya zauna a Ikko ko Badun ya san yadda wasan ƙwallon tebur ya zama ruwan dare a unguwannin Kudu. A Agege ne ko a Mushin, a Idi-Araba ne ko a Sabon Badun, da wuya mutum ya ratsa layi uku bai ji ƙas-ƙas ɗin ƙwallon nan ba, wadda yaran Ikko ke yi wa laƙabi da ƙwai saboda farinta da rashin nauyinta. A Yola da Jimeta ma wasan ba baƙo ba ne. Akwai tebura a gindin itatuwa da bakin shaguna, akwai su a makarantun kwana da wuraren shaƙatawar ma'aikata, yara kuwa in sun rasa tebur, benci ko tsohon ƙyaure ya ishe su.

Bambancin wuraren biyu yana fitowa ne ranar da yaro ya ƙware, ya wuce wasan bakin titi, ya bukaci kayan wasa na ainihi. Yaron Surulere zai hau mota ɗaya ya isa shagunan kayan wasanni, ya duba, ya taya, ya zaɓa. Yaron Jambutu ko Luggere kuwa sai dai ya karɓi abin da ya tarar a kasuwar Jimeta bisa kuɗin da aka yanka masa, ko kuma ya ba da sautu wurin wani ɗan'uwa da ke Kudu, ya zauna jiran ranar da mota za ta taso.

Sanin kowa ne, duk lokacin da tsada ta yi tsanani a ƙasar nan, kiran da aka fi ji shi ne gwamnati ta ƙayyade farashi, ta damƙe 'yan kasuwa masu tsawwalawa. Amma wanda ya bi sawun ƙwallon nan tun daga masana'anta har zuwa hannun yaron Jimeta zai ga cewa mai shagon da ake zagi shi ne na ƙarshe a jerin masu yanka farashi, shi ne kuma mafi ƙarancin iko a cikinsu. Zomo dai, in ji masu iya magana, ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

KAYAN DA BA A YI A GIDA

Abubuwa huɗu ake bukata a wannan wasa: tebur, raga, ƙwallo, da abin bugu wanda 'yan wasa ke kira bat. A ido, babu wasan da ya kai shi araha. To, amma hukumar wasan ta duniya, wato ITTF, wadda aka kafa cikin 1926, ta gindaya wa kowannensu ƙa'ida. Tebur tsawonsa mita 2.74, faɗinsa mita 1.525, tashinsa daga ƙasa santimita 76. Ƙwallo faɗinta milimita 40, nauyinta giram 2.7. Shi kuwa bat katako ne da aka manna wa roba gaba da baya, kuma a gasar da ta amsa sunanta ba a yarda ɗan wasa ya shiga da robar da ba ta cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su.

A nan ne kuɗi ke shiga. Robar nan ita ce ran wasan. Ita ke kama ƙwallo ta murza ta, ita ke ba ta gudu. Kuma ba abar da ake saya sau ɗaya a huta ba ce. Wanda ke atisaye kullum, cikin 'yan watanni robarsa za ta yi sulɓi ta daina kamu, dole ya ɓare ta ya manna sabuwa, kuma falle biyu yake bukata a kowane karo. Ƙwallo ma fashewa take yi, mai koyar da yara kuwa ba ya aiki da guda biyu ko uku, sai da kwando guda.

Masu ƙera kayan da ake ji da su 'yan ƙalilan ne a duniya. Akwai Butterfly da Nittaku a Japan, akwai Double Happiness da Double Fish a ƙasar Sin, akwai Stiga a Suwidin, akwai Donic da Tibhar da Andro a Jamus, akwai kuma Stag a Indiya. Babu ko ɗaya daga cikinsu a Afirka. Abin takaici shi ne, katakon da ake jerawa falle-falle a yi bat mai tsada, da yawansa daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake fitowa. Itacen obeche, wanda Yarabawa ke kira arere, da itacen afara, da koto, duk sanannu ne a wurin masu ƙera bat. Wato icce ya fita da araha a matsayin gungume, ya dawo da tsada a cikin kwali.

Daɗin daɗawa, hukumar duniya takan canja ƙa'ida. Cikin shekarar 2000 ta ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40. Cikin 2008 ta hana wani irin gam mai ƙara wa roba gudu. Cikin 2014 kuma aka bar tsohuwar ƙwallo mai saurin kama wuta, aka koma ta filastik. Duk lokacin da aka yi irin wannan canji, kayan da ke ajiye sun tashi daga aiki a wurin gasa, kuma wanda ke nesa da tashar jirgin ruwa shi ne ke jin labari a makare.

YADDA AKE RABA DUNIYA

Manyan kamfanonin kaya masu suna, na wasanni ne ko na lantarki, ba kasafai suke sayar wa duk wanda ya zo da kuɗinsa ba. Al'adarsu ita ce su raba duniya yanki-yanki, su naɗa wakili a kowace ƙasa ko kowane yanki, su ba shi shi kaɗai ikon shigo da kayansu. Cikin irin wannan yarjejeniya akan sa wa wakili sharaɗin yawan kayan da zai sara a shekara, akan hana shi tsallakawa yankin wani, akan kuma ba shi takardar farashin da kamfani ke son a sayar. A takarda shawara ce kawai. A kasuwa kuwa, dilan da ya cika karya farashi yana iya wayar gari ya ga kaya sun daina zuwa masa.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba a ce duk ƙarya ba ce. Sukan ce wakili ɗaya shi ne ke tsare sunan kaya daga 'yan jabu, shi ke karɓar ƙorafi in kaya sun zo da aibi, shi ke ɗaukar nauyin gasa da tallafa wa 'yan wasa, kuma ba zai yi wannan ɗawainiya ba in ya san gobe wani zai shigo da kaya ta bayan gida ya karya masa kasuwa. Amma illar tsarin ba ta ɓuya. Inda mai kaya ɗaya ne, babu tayi, babu ragi. In wakili ya ga wani gari ya yi masa nisa, ko masu sayensa ba su da yawa, sai ya kau da kai, kuma babu wani da aka yarda ya shiga ya cike gurbin.

Ƙasashen da suka daɗe a harkar ciniki sun san wannan haɗari. Cikin watan Maris na 2019, hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin Nike tarar Yuro miliyan 12.5 saboda hana 'yan kasuwa sayar da wasu kayan da ke ɗauke da tambarin kulob-kulob na ƙwallon ƙafa daga wata ƙasar Turai zuwa wata. Abin lura a nan shi ne, hukumar ba ta yanka wa kayan farashi ba. Katangar da aka gina tsakanin kasuwanni ta rushe, ta bar masu saye da masu sayarwa su daidaita.

Ke nan akwai ƙayyade farashi iri biyu. Akwai na gwamnati, wanda ke cewa kada a wuce kaza. Akwai kuma na kamfani, wanda ke cewa kada a sauko ƙasa da kaza. Na farko ake ta surutu a kansa a ƙasar nan, alhali kuwa na biyun ne ke aiki shiru a kan kaya masu suna.

NAIRA DA DALA

Kafin a kai ga ribar kowa, akwai maganar canji. Duk kayan nan da kuɗin waje ake sayo su. Dattawan da suka yi ciniki a farkon shekarun 1980 za su tuna lokacin da Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. Wannan ya kau tun daga 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar canji. A farkon watan Yuni na 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. A tsakiyar wannan wata Babban Banki ya saki Naira, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 kuwa Dala ta haura Naira 1,500.

Mai karatu ya yi lissafi da kansa. Robar manyan 'yan wasa takan haura Dala 50 falle ɗaya a kasuwannin Turai da Amurka. Dala 50 a kan 460 Naira 23,000 ce. Dala 50 a kan 1,500 kuwa Naira 75,000 ce, wato fiye da mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka zartar cikin Yuli na 2024. Falle ɗaya ke nan, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa kuɗin fito na kwastan ba, ba a sa harajin kayan masarufi da aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a 2020 ba. Har yanzu kuma kayan ba su bar Ikko ba.

NISAN YOLA

Akwai zamanin da Yola ke da ƙofarta zuwa teku. Jimeta ma bakin kogi ne ya raya ta. Da damina, in Binuwai ya kawo, jiragen ruwa na kamfanonin Turawa sukan hauro da gishiri da yadi da kwanon rufi har Yola, su wuce Garwa a ƙasar Kamaru, su sauko da gyaɗa da auduga da fatu. Wannan hanya ta mutu sannu a hankali. Jirgin ƙasa kuwa bai taɓa zuwa ba. Layin dogon da aka kammala zuwa Maiduguri cikin 1964 ta Bauchi da Gwambe ya bi, ya bar Yola da tazarar kimanin kilomita 250 daga tasha mafi kusa. An yi Jihar Gongola cikin 1976, an raba ta Adamawa da Taraba cikin 1991, amma hanyar kaya tana nan guda, wato mota.

Daga Ikko zuwa Yola tafiya ce ta fiye da kilomita 1,200, ko ta Jos da Gwambe da Numan aka bi, ko ta Makurɗi da Wukari da Jalingo. Kowane shinge a hanya yana da kuɗinsa, kowace gada da ambaliya ta cinye tana ƙara kwana, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota bai koma inda yake ba. Ƙwallo da roba ba su da nauyi, amma tebur na gasa yakan haura kilo 100, ga girma, ga shi ba ya son jijjiga ko danshi. Kuɗin ɗauko shi kaɗai ya isa ya sa shugaban makaranta ya fasa.

Kayan kuma ba kai tsaye suke zuwa ba. Daga mai shigowa su faɗa hannun ɗan sari a Ikko ko Anaca, wani lokaci su bi ta Kano, kafin su iso shagon Jimeta, kowane hannu kuwa sai ya lashi nasa. Shi mai shagon yana da nasa lissafin. In ya sari rigunan ƙwallon ƙafa, kafin wata ya juya kuɗinsa. In ya sari roba mai tsada, tana iya yin watanni a kanta tana jiran mutum ɗaya, ga zafin Yola da ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu, roba kuwa ba ta shiri da ko ɗaya. Don haka sai ya zaɓi bat ɗin kwali mai araha, wanda ya isa wasan yamma amma ba ya kai yaro ko'ina. In wani ya nace sai mai suna, to, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: jabun kaya masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni sun cika kasuwannin duniya, yaron da bai taɓa riƙe na ainihi ba kuwa ba shi da yadda zai bambanta.

Haka abin ke zagayawa. Babu kaya domin masu saye ba su da yawa, masu saye ba su da yawa domin babu kaya.

AN TAƁA GWADAWA

Masu kiran a ƙayyade farashi ba sabon abu suka kawo ba. Cikin 1970, bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa doka da hukumar ƙayyade farashi. Cikin 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta sake sabuwar doka, wadda ta lissafa kaya irin su fulawa, madara, gishiri, sukari, ashana, kekuna, babura, motoci da kayan gyaransu, da man fetur. Cikin 1984, zamanin Janar Muhammadu Buhari, sojoji sun shiga kasuwanni sun tilasta sayar da kaya da araha, aka fasa rumbunan masu ɓoye kaya, jama'a suka shiga dogayen layuka na madara da sabulu da shinkafa. Waɗanda suka ga wannan zamani sun san yadda aka ƙare: kaya suka ɓace daga kan kanta suka koma bayan fage, farashin gwamnati yana takarda, farashin gaskiya yana lungu. Daga 1986 aka yi watsi da tsarin, ko da yake ba a soke dokar 1977 ba.

Wannan doka ce lauya Femi Falana ya ɗauka ya kai ƙara, har Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko ta ba da umarni cikin Fabrairu na 2024 cewa gwamnati ta yanka farashin kayan da dokar ta lissafa cikin kwana bakwai. Kowa ya ga abin da kasuwa ta yi da wannan umarni. To, in sukari da gishiri, waɗanda kowane gida ke saye, sun gagari doka, ina ga robar da ake yi a Japan, mai iri fiye da a ƙirga, wadda jami'in gwamnati ba zai iya bambanta ta da jabu ba? In aka ce wa mai shagon Jimeta ga iyakar abin da zai sayar, alhali ba a taɓa canji ba, ba a taɓa kuɗin mota ba, amsarsa mai sauƙi ce, zai daina kawowa. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Sau ɗaya ne ƙasar nan ta tunkari matsalar nisa gadan-gadan, shi ne a kan man fetur. Cikin 1975 aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ke biyan kuɗin dakon mai zuwa garuruwa masu nisa domin mutumin Yola ya saya daidai da mutumin Ikko. An sha kuka da asusun kan yadda ake biyan kuɗin, ga shi man da aka yi wa rangwame yakan sulale ya tsallaka iyakar Kamaru. Cikin 2021 sabuwar dokar man fetur ta narkar da hukumar asusun cikin wata hukuma. Da aka janye tallafi a 2023, farashin da kamfanin mai na ƙasa ya fitar a ƙarshen Mayu ya nuna Naira 488 a Ikko, Naira 557 a Maiduguri. Wannan tazara ita ce kuɗin nisa a fili. Darasin shi ne, farashi ɗaya a ƙasa mai faɗi irin wannan ba ya samuwa sai wani ya biya dakon. In gwamnati ba ta biya ba, mai saye na nesa ne zai biya.

DOKAR DA KE KWANCE

Akwai wata doka da ta fi dacewa da wannan ciwo, amma jama'a ba su cika saninta ba. Ita ce dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, wadda kuma ta haifi hukumar FCCPC. Dokar ta haramta wa mai kaya ya tilasta wa dila mafi ƙarancin farashin da zai sayar, ta haramta hana dila kaya don kawai ya yi ragi, ta kuma haramta haɗa baki don raba kasuwa ko danne abokan gasa. Ita kanta hukumar ta sha bayyana cewa yanka farashi ba aikinta ba ne, aikinta shi ne hana a toshe kasuwa.

Ba wai ana tuhumar wani kamfani ko wani wakili da karya wannan doka ba ne. Abin nufi shi ne, ɗan kasuwar Jimeta da ya nemi sari aka hana shi ba gaira ba dalili, ko aka ce sai ya bi ta hannun wane, ko aka yi masa barazanar yanke kaya don ya sauke farashi, ya sani yana da inda zai kai kuka. Doka kuwa in ba a motsa ta ba, barci take yi.

ABIN DA AKE ASARA

Mai karatu zai iya cewa, ana fama da abinci wa ke ta ƙwallon tebur? Amsar ita ce, cikin wasannin da Nijeriya ta yi suna a kansu, wannan yana sahun gaba. Cikin 1971, lokacin da ƙasar Sin ta yi amfani da wasan wajen buɗe ƙofarta ga duniya, 'yan wasan Nijeriya suna cikin waɗanda ta gayyata tare da na Amurka da Ingila da Kanada. Cikin 1982 Atanda Musa ya cinye gasar ƙasashe renon Ingila a Bombay. Segun Toriola ya halarci wasannin Olamfik sau bakwai daga 1992 zuwa 2016, Funke Oshonaike ma ta yi bakwai. Aruna Quadri, wanda ya fara wasa a titunan garin Oyo, ya kai zagayen mutum takwas na ƙarshe a Olamfik na Rio cikin 2016, abin da babu ɗan Afirka da ya taɓa yi kafinsa, cikin 2022 kuma ya shiga jerin goma na farko a duniya.

Mai karatu ya duba sunayen nan, ya duba taswira. Ba don yaran Kudu sun fi yaran Adamawa saurin ido ko saurin hannu ba ne. Ikko tana da gasar Asoju Oba, wadda Cif Molade Okoya-Thomas ya kafa cikin 1968, aka yi ta gudanar da ita shekara da shekaru. Tana da zauren wasa mai sunansa a filin Teslim Balogun, inda tun 2023 manyan 'yan wasan duniya ke zuwa gasa. Tana da masu koyarwa, tana da shaguna, tana da tsofaffin 'yan wasa masu miƙa wa na baya robar da suka cire. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya kai shekara goma sha biyar yana buga ƙwallo da bat ɗin kwali, ranar da ya je gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara cikin 1973 don haɗa kan matasa, zai tarar da wasan da ake yi can wani wasa ne daban. Ƙwallo za ta zo masa a murɗe, ta taɓa bat ɗinsa ta yi gefe, bai san dalili ba.

Ga jihar da ta sha fama da tashin hankali da 'yan gudun hijira, ga matasa birjik a Doubeli da Karewa da Yola ta cikin gari, wasan da ɗaki ɗaya ya ishe shi, wanda maza da mata da masu naƙasa duk ke iya yi, ba abin rainawa ba ne.

INA MAFITA?

Na farko, tebur. Ƙa'idar wasan ta ce ana iya yin fuskar tebur da kowane irin abu, muddin in aka saki ƙwallo daga tsayin santimita 30 za ta yi tsalle kimanin santimita 23 a ko'ina a kansa. Gasar ƙasa da ƙasa ce ke neman tebur mai hatimin hukuma. Ke nan teburin makaranta da na unguwa aikin kafintocin Jimeta ne, in an ba su ma'auni daidai da katako mai kauri da fenti marar ƙyalli. Kwalejojin koyon sana'a na jihar suna iya ɗaukar wannan a matsayin darasi. Kuɗin da za a ba mai mota daga Ikko ya tsaya a gida.

Na biyu, sari a dunƙule. Abin da ke kashe mai saye na nesa shi ne sayen ɗai-ɗai. Hukumar wasanni ta jiha da ma'aikatar ilmi, ko ma jihohin Arewa maso Gabas shida gaba ɗaya, in suka haɗa bukatarsu ta shekara suka nemi 'yan kasuwa su yi takara a fili, dole farashi ya sauko, dole kuma wakilan Ikko su san hanyar Yola. Sharaɗin kawai shi ne a buga abin da aka saya da kuɗin da aka biya da makarantun da aka ba, don kada kaya su shiga sito su fito ta kasuwa.

Na uku, a daina rainon suna. Mai koyo ba ya bukatar robar zakaran duniya. Akwai robobin ƙasar Sin da na Indiya masu hatimin hukumar duniya waɗanda kuɗinsu bai kai rabin na manyan ba, kuma sun isa su koya wa yaro murza ƙwallo. Ta ainihi mai araha ta fi jabu mai babban suna.

Na huɗu ya shafi mutanen Arewa mazauna Kudu. Kullum motoci suna sauke shanun Mubi da Ngurore a kasuwannin Kudu, suna juyawa Arewa. Ƙungiyoyin 'yan asalin Adamawa da ke Ikko da Fatakwal da Anaca suna taro, suna tara kuɗi don biki da rasuwa. Kwali ɗaya na ƙwallaye da robobi, wanda aka saya a wurin dila sananne aka karɓi rasit, aka damƙa wa direban da aka sani, aka kai wa malamin wasanni na tsohuwar makarantar mutum, ya tsallake hannu uku a cikin jerin masu cin riba. Wanda kuma ke neman sana'a ya lura cewa gurbin dila na gaskiya a tsakanin Yola da Jalingo da Gwambe da Mubi, har ma da Garwa, kasuwa ce ga mai haƙuri. Abin da ya raya gasar Asoju Oba attajiri ɗaya ne da ya ɗauki abin da muhimmanci, Adamawa kuwa ba ta rasa attajirai ba.

Gwamnati tana da nata aikin: ta gyara hanya, ta rage shingaye, ta duba kuɗin fito a kan kayan wasannin makarantu, ta kuma sa hukumar gasar kasuwanci ta leƙa bayan Abuja da Ikko. Waɗannan su ne ke sauke farashi a Jimeta, na ƙwallon tebur ne ko na magani ko na littafi, domin duk mota ɗaya ce ke kawo su. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma gyara.